Dogon Agogon Ingila da Ɗan Maƙerin da Ya Ɗaukaka Shi

A Gidan Sori, cikin yankin Gidan Rumji, tsofaffi ba su taɓa rasa sanin lokaci ba. Inuwar bango ce ke faɗin hantsi da walaha, ladan kuma ya raba azahar da la'asar. Har tsakiyar ƙarni na 17 mutanen Ingila ba su yi mana nisa ba, domin agogunansu kan yi kuskuren kusan minti 15 a yini.

Lilo ne ya sauya lamarin. A 1656 Christiaan Huygens, mutumin ƙasar Holan, ya ƙera agogon da lilo ke daidaita tafiyarsa, kuma a 1658 Ahasuerus Fromanteel ya fara tallar irinsa a Landan. Wajen 1670 aka samo wata 'yar ƙugiya mai kama haƙoran faifai tana saki ɗaya bayan ɗaya, wadda galibi ake dangantawa da William Clement. Ita ta ba da damar rataya lilo mai tsawon kusan mita guda, kowane kaɗawa daƙiƙa ɗaya. Dogon lilo da dalmar da ke jan faifayen suna neman mafaka daga ƙura da hannun yara, shi ya sa kafintoci suka gina musu akwatin da ya fi mutum tsayi.

Wanda ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne Thomas Tompion, ɗan maƙeri daga ƙauyen Northill, haifaffen 1639. Ya tashi a gindin zuga-zugi, ya koma gyara haƙoran tagulla da magagari har su shiga juna ba gargada. A 1676 ya ƙera wa gidan nazarin taurari na Greenwich agoguna biyu masu lilon ƙafa 13, waɗanda sau ɗaya ake wana su a shekara. Da ya rasu a 1713, a majami'ar Westminster aka binne shi, inda a lokacin ake binne sarakuna. Kowane maƙeri a ƙasar Maradi ya cancanci jin wannan labari.

Sana'ar ba a shigarta da ka. Ƙungiyar maƙeran agogo ta Landan, wadda ta samu izinin sarki a 1631, a wancan zamani takan sa yaro ya yi aƙalla shekara 7 a hannun maigida. Mai hali ya sayi agogon kwana 8 cikin katako mai ado, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya nemi na awa 30, wanda kullum sai an ja igiyarsa. Daga 1772 masu sana'a a Birmingham suka soma yin fuskar ƙarfe mai farin fenti a madadin tagulla, dogon agogo ya ƙara yaɗuwa a gidajen manoma.