Bayani a kan mayar da kwanaki shekaru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, na tsaya a wannan gaɓa ta matani ne saboda duk inda mai littafi ya ce "shekara", ta wata yake nufi, alhali ɗalibanmu na Arlit sun tashi da shekarar kamfani, wato ta rana.

Ka sani, ya kai ɗalibi, Sayyidina Umar ne ya kafa tarihin Hijira a zamanin halifancinsa, bisa lissafin wata. Shekarar wata kwana 354 ce. Malaman hisabi sun tara guntayen da ke saura, sai suka sami kwana 11 cikin kowace shekara 30. Don haka 19 daga cikinsu ke da kwana 354, sauran 11 kuma kwana 355, su ake kira kabisa. Jimillarsu kwana 10,631. Shekarar rana kuwa kwana 365 ce da kusan rubu'i.

Idan aka ba ka kwanaki, fara fitar da 10,631 iya yadda za su fita, kowane ɗaya shekara 30 ne. Abin da ya rage ka raba shi da 354, kana kula da kabisa.

Gwada da Ashabul Kahfi. Shekara 300 ta rana kwana 109,575 ce. Fitar da 10,631 sau goma, saura 3,265: shekara 9 ke nan da kusan wata biyu da rabi. Ibnu Kasir ya ambaci wannan bambanci a tafsirin ƙarin taran da ke cikin surar.

Yanzu mu dawo gida. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, garin Arlit ya tashi a gefensa, aka fara fitar da yuraniyom a 1971. An kafa Cominak a 1974, aka rufe ramin Akuta ranar 31 ga Maris 2021. A takardar kamfani shekara 47 ke nan. A lissafinmu, daga 1394 zuwa Sha'aban 1442, shekara 48 ce.

Abin da nake jin tsoro shi ne zakka, domin da wata ake ƙirga shekararta. Wanda dukiyarsa ta kai nisabi, amma yake fitarwa duk ƙarshen Disamba, yana jinkirta haƙƙin talaka kusan kwana 11 kowace shekara. In ya yi shekara 33 a haka, kwana 12,053 ne, wato shekara 34 ta wata da 'yan kwanaki. Zakkar shekara guda cur ta faɗi bai sani ba, kuma tana nan a wuyansa.

Shawarata: ranar da dukiyarka ta kai nisabi, rubuta sunan watan Musulunci da kwanansa, ka riƙe shi. Allah Ya sa mu dace.