Inda Ƙwayar Zarra Take Tsayawa: Daga Bragg Zuwa Gobarar Windscale



Tambayar da zan ba da tarihinta gajeriya ce: in an harba ƙwayar zarra cikin ƙarfe, ko gawayi, ko naman jiki, ina za ta tsaya, kuma wace ɓarna za ta yi kafin ta tsaya? Ƙwayar da nake nufi ita ce wadda masana ke kira ayon, watau zarrar da ta rabu da waɗansu elektaron nata, ta zama mai ɗauke da cajin lantarki.

Labarin ya faro ne daga Jami'ar Adelaide ta ƙasar Ostareliya. Cikin 1904 William Henry Bragg da mataimakinsa Richard Kleeman suka shiga auna ƙwayoyin alfa da ke fita daga radiyom. Waɗannan ƙwayoyi ba sa wuce 'yan santimita cikin iska, falle ɗaya na takarda ma ya isa ya tare su. Hankali zai ɗauka a farkon tafiya suka fi ɓarna, sa'ad da ƙarfinsu ke cike. Ashe ba haka ba ne. Bragg ya ga cewa sai gab da tsayawa suke zubar da ƙarfi mafi yawa, sa'an nan su tsaya cak. Wannan tashi na ƙarshen tafiya shi ake kira ƙololuwar Bragg har wa yau.

Dalilin abin ya samu daga Niels Bohr, mutumin Danmak, wanda ya je Manchesta wurin Ernest Rutherford cikin 1912, ya buga lissafinsa cikin 1913. Ku ɗauki misalin attajiri da zai ratsa taron maroƙa. In a guje yake, ba mai samun kome sai ɗan abin da ya fizga. Da ya fara sassautawa kuwa, kowa sai ya sami zarafin riƙe masa riga, nan da nan aljihu ya ƙare. Elektaron da ke cikin abin da ake ratsawa su ne maroƙan. Hans Bethe ya sake gina lissafin cikin 1930 bisa sabon ilmin kwantum, Felix Bloch ya yi masa gyara cikin 1933. Zuwa nan dai magana ce ta allo da alli, ba wanda ransa ya rataya a kanta.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya sauya al'amarin. A Shikago, cikin 1942, ana shirin tayar da tukunyar nukiliya ta farko, wadda aka jera da tubalan garafayit, watau irin baƙin da ke cikin fensir. Eugene Wigner ya yi gargaɗi da cewa niyutaron da ke fita daga yuraniyom zai lalata tubalan. Niyutaron ba shi da caji, saboda haka elektaron ba sa riƙe shi; tafiya yake yi har ya yi karo da cibiyar wata zarra ta garafayit, ya tumɓuke ta daga gurbinta. Ita kuma wadda aka tumɓuke sai ta zama ayon mai gudu, ta bi ta tumɓuke ɗaruruwan 'yan'uwanta kafin ta tsaya. Ga hanya ta biyu ke nan da ayon ke rasa ƙarfinsa, ita ce kuwa ke kawo ɓarnar da ke zama cikin jikin abu. Tubali ya kumbura, siffarsa ta sauya. Abin da ya fi haɗari shi ne, kowace zarra da ta maƙale a inda ba gurbinta ba tana riƙe da ɗan ƙarfi, kamar bakan da aka ɗana. Ran da aka ɗumama garafayit ɗin, zarrori su koma gurabensu, ƙarfin ya fito a matsayin zafi.

A Windscale, arewa maso yammacin Ingila, aka ga iyakar abin. Gwamnatin Birtaniya ta gina tukwane biyu a can don samar da fulutoniyom na bom, ta farko ta fara aiki cikin 1950. Da iska ake sanyaya su, zafinsu kuma bai kai yadda zarrori za su riƙa komawa gurbi da kansu ba, don haka ƙarfin da Wigner ya faɗa ya yi ta taruwa. Cikin 1952 ya fito da kansa, ba wanda ya shirya masa. Daga nan sai aka ɗauki dabarar ɗumama tukunya da gangan, lokaci lokaci, zuwa kimanin digiri 250, don ƙarfin ya fita sannu a hankali. Ran 7 ga Oktoba 1957 aka fara irin wannan ɗumamawa a tukunya ta ɗaya. Ma'aikata suka ga zafin bai bazu yadda suke so ba, kashegari suka ƙara. Ran 10 ga wata aka tarar wuta na ci a cikin tukunyar, ba a shawo kanta ba sai ran 11, bayan an kashe fankoki an kuma yi ta kwarara ruwa.

Gubar ayodin mai tururin nukiliya ta fita ta bututun hayaƙi ta sauka kan makiyaya, har aka yi makonni ana zubar da madarar shanun yanki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 500. Ɓarnar da ta fi haka yawa, ba don matatun da John Cockcroft ya nace aka ɗora a kan bututun ba, alhali a lokacin ginin ana yi masa ba'a a kansu. Ga ma'aikatan gwamnati da ke zauren nan akwai wani abu kuma: rahoton binciken da William Penney ya shugabanta, Firayim Minista Harold Macmillan ya hana a fitar da shi cikakke, jama'a ba su gan shi ba sai 1988. A ganina, ɗora laifi kan masu juya na'ura a ranar, kamar yadda takardar gwamnati ta lokacin ta karkata, bai yi adalci ba. An ba su tukunyar da aka gina cikin gaggawa, na'urorin auna zafinta kuma ba a sa su a wuraren da suka fi zafi lokacin ɗumamawa ba.

Lissafin da ya haɗa hanyoyin biyu, ta elektaron da ta karo da cibiya, ya fito daga Danmak cikin 1963, a hannun Jens Lindhard da Morten Scharff da Hans Schiøtt. Da shi masu ƙera kayan lantarki suka iya harba ayon na boron ko fosforas cikin silikon, su san zurfin da zai tsaya. Kusan duk ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta wayar hannu ta bi ta wannan aiki.

Sauran abu guda, sai mun koma baya kaɗan. Cikin 1946 Robert Wilson, wanda ya yi aikin bom a Los Alamos, ya tuna da ƙololuwar Bragg. Hasken eksire yakan ƙone lafiyayyen nama kafin ya kai ga ƙarin ciwon daji, ya kuma wuce ya ƙone na bayansa. Furoton kuwa ana iya zaɓa masa ƙarfin da zai sa ya tsaya cikin ƙarin daidai, ya sauke kayansa a can. Mai ƙarfin miliyan 200 na ma'aunin elektaron-bolt yakan shiga ruwa kimanin santimita 26. An fara yi wa marasa lafiya wannan magani a Berkeley ta Amurka cikin 1954. Wata cibiya da aka gina cikin asibiti ta buɗe a Loma Linda cikin 1990, a Chiba ta Japan kuma aka fara amfani da ayon na kabon cikin 1994.