Amanar Sirri Tsakanin Lauya da Muwakkilinsa: Nazari kan Barazanar Kai Ƙara Hukumar Haraji a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala tana nazarin hukuncin lauyan da ya yi wa muwakkilinsa barazanar tona masa asiri a gaban hukumar haraji ta Amurka, wato IRS, domin ya tilasta masa biyan ladan aiki. Hujjarta ita ce barazanar kanta ha'inci ce, ko da ba a zartar da ita ba.

1. Asalin ƙa'ida

Tun da yake ba mai iya samun shawara ta gaskiya sai ya buɗe cikinsa, kuma ba mai buɗe cikinsa sai ya aminta da mai saurarensa, Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, a cikin ƙa'idojinta na 1983, ta wajabta wa lauya, a ƙa'ida ta 1.6, ya ɓoye dukkan abin da ya shafi wakilcinsa, daga bakin muwakkili ya ji shi ko daga waninsa. Ƙa'ida ta 1.9 ta dawwamar da wajibin bayan rabuwa, sa'an nan Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Swidler da Berlin ta 1998, ta tabbatar cewa ko mutuwar muwakkili ba ta halatta tona abin da ya faɗa wa lauyansa.

2. Togaciya da iyakarta

Haƙiƙa ƙa'ida ta 1.6 ta yi wa lauya rangwame ya bayyana sirri idan jayayya ta shiga tsakaninsa da muwakkili a kan kuɗin aiki, amma gwargwadon lalura kawai, domin kafa da'awarsa. Hukumar haraji kuwa ba alƙali ba ce a wannan husuma, kuma sanar da ita ba ya tabbatar da bashin ko kaɗan. Iyakar amfaninsa shi ne tsoratarwa.

3. Hukuncin barazana

Ƙa'idojin ƙungiyar na 1969 sun haramta yin barazanar tuhumar laifi don neman galaba a shari'ar haƙƙi, kuma ko da yake na 1983 ba su maimaita nassin ba, jihar Kalifoniya ta riƙe shi a ƙa'idarta ta 3.10. Kotun Ƙolin jihar, a shari'ar Flatley da Mauro ta 2006, ta hukunta cewa wasiƙar wani lauya mai neman kuɗi, wadda ta haɗa da barazanar kai magana ga hukumomin haraji, ƙwace ce. In har haka ne game da abokin husuma, to, wanda ya ba da amana ya fi cancantar kariya. Kwaɗayin tona asiri kuma ya ƙaru, domin wata doka ta 2006 ta tanadar wa mai tsegunta wa IRS kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na abin da aka karɓo.

Kammalawa

Lauyan da aka hana shi haƙƙinsa yana da kotu da sulhu. Ya kamata jihohin da ba su da nassi bayyananne su rubuta haramcin nan ƙarara, domin mutanen da ke tsoron lauyoyinsu ba za su faɗi kuskurensu na haraji ba, balle a shiryar da su ga gyara shi.