Koyar da Kare Natsuwa a Gaban Sauran Karnuka: Nazarin Tasirin Lada da Horon Tsanani

Tsakure

Haushi, gurnani da zaburar da kare ke yi idan ya hangi wani kare suna cikin matsalolin da suka fi addabar masu kiwon karnuka. Wannan maƙala ta yi bitar ayyukan masana halayyar ɗan Adam da ta dabbobi daga 1924 zuwa 2021 domin gano tushen wannan ɗabi'a da hanyar da ta fi dacewa a magance ta. An ɗora nazarin a kan ra'in koyo ta hanyar dangantawa. Maƙalar ta gano cewa tsoro da takaici ne ke haifar da yawancin wannan hali, duka da tsawa suna ƙara rura shi, ba da tazara tare da lada kuwa yana kwantar da shi. An kammala da shawarwari ga masu karnuka da likitocin dabbobi.

Fitilun kalmomi: kare, natsuwa, tsoro, lada, horo

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe igiyar kare a kan hanya ya san abin da kan faru idan wani kare ya ɓullo: jiki ya sandare, gashin baya ya miƙe, sai haushi da fizgar igiya. Alƙaluma sun nuna girman matsalar. A binciken Casey da wasu (2013) na Jami'ar Bristol, wanda ya ƙunshi amsoshin masu karnuka 3,897 a Birtaniya, kashi 22 cikin 100 sun ce karnukansu na yi wa baƙin karnuka haushi, gurnani, zabura ko cizo. Kashi 8 kuma sun ce hakan na faruwa tsakanin karnukan gida ɗaya. A ƙasar Finland, Salonen da wasu (2020) sun tattara bayanan karnuka sama da 13,700, suka samu kashi 17 cikin 100 na tsoron sauran karnuka.

Ko da yake a Turai aka gudanar da waɗannan ayyuka, darasinsu ya shafi mafarautan ƙasar Hausa da ke fita daji da karnuka rukuni-rukuni, da masu karnukan gadi, da ma'aikatan lafiyar dabbobi da ke tara karnuka wuri guda ranar allurar rigakafi. Mai rabon faɗan karnuka yana cikin haɗarin cizo, ga shi kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan kashi 99 cikin 100 na ciwon haukan kare da ke kama mutane daga karnuka yake fitowa. Manufar maƙalar ita ce amsa tambayoyi biyu: me ke sa kare ya tada hankali a gaban ɗan'uwansa, kuma wace hanya ce bincike ya tabbatar tana koya masa natsuwa?

2.0 Dabarun Bincike da Ra'i

An bi hanyar bitar rubuce-rubuce, inda aka zaɓi littattafai da maƙalun mujallun kimiyya da suka auna halayyar karnuka ta gwaji ko ta takardun tambayoyi. Ra'in da aka ɗora aikin a kai ya samo asali daga masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya nuna cewa idan aka riƙa haɗa wani sauti da abinci, kare kan kai ga zubar da yawu da jin sautin kawai. Mary Cover Jones (1924) ta yi amfani da wannan fahimta a Amurka wajen cire wa wani yaro mai kusan shekara uku tsoron zomo: tana ba shi abincin da yake so, ana matso da zomon kaɗan-kaɗan, har ya kai ga taɓa shi. Joseph Wolpe (1958), likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu da ya fara gwajinsa da kyanwoyi, ya tsara wannan dabara ta rage kaifin tsoro daki-daki. A ɗaya ɓangaren, B. F. Skinner (1938) ya tabbatar da cewa ɗabi'ar da lada ya biyo bayanta takan yawaita.

3.0 Tushen Tashin Hankalin Kare

3.1 Makonnin farko na rayuwa

Scott da Fuller (1965) sun shafe shekara 13 suna nazarin nau'o'in karnuka biyar a Cibiyar Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine ta Amurka. Sun gano cewa tsakanin mako na 3 da na 12 ne kwikwiyo ya fi saurin sabawa da abin da ke kewaye da shi. Freedman, King da Elliot (1961) sun nuna cewa 'yan kwikwiyon da ba su yi cuɗanya da mutum ba har mako na 14 sun tashi da gudun mutane mai wuyar gyara. A wannan zango ne kuma kwikwiyo ke koyon ladabin zama da 'yan'uwansa, wato yadda zai sassauta cizo a wasa da yadda zai fahimci gargaɗin uwa. Pierantoni da wasu (2011) sun kwatanta karnuka 140 a Italiya, rabinsu an raba su da uwa tsakanin kwana 30 da 40, rabin kuma sai da suka kai wata biyu. Waɗanda aka raba da wuri sun fi nuna tsoro a kan hanya da yawan haushi bayan sun girma. Gaskiyar Bahaushe ce da ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3.2 Igiya da rashin mafita

Karnuka biyu da ke sake ba kasafai suke tunkarar juna gaba da gaba ba. Sukan zagayo ta gefe, su kau da ido, su shinshini juna. Igiya da ƙuntatacciyar hanya suna hana kare wannan gaisuwa, su kuma hana shi gudu. Kafin ya kai ga haushi yakan ba da alamu: hamma ba ta barci ba, lasar hanci, kau da kai, maƙale wutsiya, sannan sandarewa. Likitar dabbobi Kendal Shepherd ta jera waɗannan alamu hawa-hawa, daga mafi sauƙi zuwa cizo. Idan ba a lura da na farkon ba, kare kan haye zuwa na sama. Da ya yi haushi, ɗaya karen ya wuce, sai ya ɗauka haushin ne ya kore shi, gobe ma ya maimaita. Akwai kuma karen da ɗokin wasa ke ci. Igiya ta tare shi, takaici ya koma haushi.

3.3 Batun neman shugabanci

An daɗe ana cewa kare mai faɗa shugabanci yake nema, don haka sai an danne shi. Wannan tunani ya samo tushe daga nazarin Rudolph Schenkel (1947) a kan kyarketan da aka tara a gidan namun daji na Basel. Amma L. David Mech (1999), bayan nazarin kyarketan daji a tsibirin Ellesmere na Kanada, ya bayyana cewa garkensu iyali ne na uwa da uba da 'ya'ya, kuma faɗan neman muƙami ba ya yawaita a cikinsa. Ginshiƙin da aka kafa horon danniya a kai ya rushe ke nan.

4.0 Horon Tsanani a Ma'aunin Bincike

Herron, Shofer da Reisner (2009) na Jami'ar Pennsylvania sun tambayi masu karnuka 140 irin martanin da suka samu daga dabarun da suka gwada. Cikin waɗanda suka yi duka ko shuri, kashi 43 cikin 100 sun ce karen ya mayar da martanin faɗa. Cikin waɗanda suka kayar da kare suka danne shi rigingine, kashi 31 ne suka ga hakan. Irin wannan bincike na tambayoyi alaƙa kawai yake nunawa, domin mai yiwuwa karen da ya riga ya yi tsanani ne aka fi duka. Saboda haka ayyukan gwaji suke da muhimmanci. Vieira de Castro da wasu (2020) sun auna karnuka 92 daga makarantun horo bakwai a Portugal, suka samu cewa waɗanda ake horarwa da tsanani sun fi nuna alamun damuwa, kuma sinadarin kotisol, mai nuna damuwa, ya fi hauhawa a yawunsu bayan darasi. China, Mills da Cooper (2020) na Jami'ar Lincoln sun gwada karnuka 63, suka tarar horon lada ya fi abin wuya mai jan lantarki saurin samar da biyayya. Yankin Wales ya haramta wannan na'ura tun 2010.

Ra'in dangantawa ya bayyana dalili. Idan ganin wani kare kullum yana zuwa tare da shaƙar wuya ko bulala, to abin da aka koya wa kare shi ne ɗan'uwansa alamar azaba ne. Mafi muni, hukunta gurnani yana iya kawar da gargaɗin ya bar tsoron, sai a samu kare mai cizo ba sanarwa.

5.0 Hanyar Tazara da Lada

Aikin yana farawa da gano tazarar da kare zai iya ganin wani kare ba tare da ya fita hayyacinsa ba. Alamar ita ce yana karɓar abinci, yana kuma amsa kira. A ɗauka tazarar mita 30 ce. Mai kare zai tsaya a nan da igiya a sassauce, wani mataimaki ya fito da kare mai sanyin hali. Da zarar karen da ake horarwa ya ɗaga kai ya hango shi, sai a miƙa masa gutsuren dafaffen nama, a ci gaba da ba shi har wancan ya ɓace, sannan a daina. Jerin yana da muhimmanci: ganin kare ne farko, nama ya biyo baya. Bayan maimaici, kare zai hango ɗan'uwansa ya waiwayo wurin mai shi yana jiran rabonsa. Wannan waiwaye shi ne shaidar cewa dangantakar ta sauya, sai a rage tazara da taku kaɗan. Idan ya ƙi nama ko ya sandare, an yi gaggawa. A ja da baya ba tare da tsawa ba.

Mataki na gaba shi ne tafiya kafaɗa da kafaɗa daga nesa, karnukan biyu suna fuskantar gefe guda, kafin a bari su shinshini juna na 'yan daƙiƙoƙi. Darasi gajere mai yawan maimaici ya fi dogo amfani. Karen da ya taɓa cizo a saba masa da takunkumi mai ba shi damar haki da shan ruwa. Wanda kuma halinsa ya sauya farat ɗaya a fara kai shi asibitin dabbobi, domin ciwo a jiki kan sa kare faɗa.

6.0 Sakamakon Bincike da Shawarwari

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Na farko, tashin hankalin kare a gaban ɗan'uwansa yakan samo asali daga tsoro, takaici da ƙarancin cuɗanya tun yana ƙarami. Na biyu, horon tsanani yana da alaƙa da ƙaruwar faɗa da damuwa. Na uku, lada yana samar da biyayya ba tare da wannan illa ba, matsayin da ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka, AVSAB, ta jaddada a 2021. Ana ba da shawarar a bar kwikwiyo da uwarsa har mako 8, sannan a haɗa shi da karnuka masu lafiya da aka yi wa rigakafi, a wuri mai tsabta. A wuraren allurar rigakafi kuma a riƙa ba da tazara tsakanin karnuka.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa natsuwa abar koyarwa ce, kuma kayan aikinta ba su wuce tazara, lada da haƙuri ba. Ana kira ga tsangayoyin likitancin dabbobi na jami'o'inmu da su auna waɗannan dabaru a kan karnukan farauta da na gadi na gida, su kuma isar da sakamakon ga masu kiwo cikin harshen da suke ji.