Gidan Mari: Asalinsa da Abin da Ya Zama

Duk wanda ya girma a Kano, ko Zariya, ko Katsina, a cikin shekaru 40 ɗin nan da suka shige, da wuya a ce bai taɓa jin wani uba ba, bayan ya yi faɗa ya gaji, ya yi nasiha ya gaji, ya kai ƙara wurin baffa da kawu abin bai yi ba, ya dubi ɗansa ya ce, "To, tun da ka fi ƙarfina, gidan mari zan kai ka." Gidan nan kuwa gidan malami ne, a cikin unguwa yake kamar sauran gidaje, da zaurensa da allunansa, illa iyaka ƙofarsa a kulle take, yaran da ke ciki kuma, waɗanda aka kawo saboda shaye-shaye ko ɗauke-ɗauke ko kangara, ƙafafunsu a cikin ƙarfe suke. Jama'a sun daɗe suna ɗaukarsa reshe ne na makarantar allo, alhali kuwa in aka bi salsalarsa za a tarar gado biyu ya haɗa, waɗanda a da can kowanne da mazauninsa.

Ƙarfen dai na hukuma ne. A zamanin sarakuna maƙeri ke ƙera mari, Yari ke sa shi ga wanda alƙali ya ɗaure, ubangiji kuma ya sa wa bawan da ake tsoron ya gudu. Akwai kuma mutum na uku da ake ɗaure wa ƙafa, watau mai taɓin hankalin da ya fara duka ko shiga daji, wanda danginsa kan turke shi a gida, ko su kai shi wurin malami a yi masa rubutu da hayaƙi da tofi har Allah Ya kawo sauƙi. Ta wannan ƙofa ta uku ce ƙarfe ya shiga zauren malamai. Da Turawa suka zo ba su toshe ta ba, domin gidan mahaukata da suka buɗe a Yaba cikin 1907 yana can Ikko, dokarsu ta 1916 kuma, wadda aka sabunta a 1958, tsarewa ta sa a gaba fiye da warkarwa; a Arewa sau da yawa kurkukun En'e ne makomar majinyacin da ya gagari danginsa. Lalle Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna wata hanya a Aro ta Abekuta tun 1954, inda majinyaci kan sauka a ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana, har ana shawara da masu maganin gargajiya, amma wannan haske bai iso lungunanmu ba.

Amana kuwa ta tsangaya ce. Uba ya ɗauki ɗansa ya danƙa wa alaramma, ya juya ya tafi ba tare da rubuta wani sharaɗi ba, saboda ya san malamin, ya san wanda ya karantar da shi, garin kuma duk idonsa yana kan makarantar, tun da a fili ake karatu, almajiri na fita bara da ɗebo itace, wanda aka zalunta yana da ƙafar gudu. Bulala tana nan, ba mai musun haka. Sai dai malaman mazhabar Malikiyya, waɗanda littattafansu muke tinƙaho da su, sun yi mata iyaka tun fiye da shekara 1000: Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi a kan ladubban masu koyarwa, inda ya tsayar da horon karatu a kan bulala 3, ya hana a wuce 10 ko da a kan laifin ɗabi'a ne, Alƙabisi kuma ya biyo bayansa da sharaɗin kada malami ya yi duka cikin fushi, kada ya taɓa kai ko fuska. Ibnu Khaldun ma ya keɓe fasali a Muƙaddimarsa yana bayanin cewa tsanantawa ga yaro ƙarya da munafunci take koya masa. Haddin mashayi, bulala 80 a wurin Malikawa, alƙali ne kaɗai ke tsayar da shi bayan shaida ko iƙirari, ɗauri kuwa ta'aziri ne da ke hannun mai mulki. Babu babin da ya ba malamin unguwa ikon tsare ɗan Musulmi shekara biyu a cikin sarƙa.

Abin da ya haɗa ƙarfen da amanar a ɗaki guda shi ne sauyin zamani. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antun Bompai da Sharaɗa da masaƙun Kakuri suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, birane suka cika da samarin da ba gona ba sana'a, kayan maye kuma suka yi ta canza kama, daga wiwi da sholisho zuwa roci da baliyam, daga nan zuwa tiramol da ruwan kodin, wanda ya ratsa har cikin ɗakunan matan aure da 'yammata. An kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 1989, amma kamu da gurfanarwa ne mafi yawan aikinta. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye a Nijeriya, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba. Uban da ɗansa ya sayar da keken ɗinkin uwarsa ya sha, ya duba asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Barnawa ko na Kware ya ga nisa da tsada da abin kunya, ya duba ofishin 'yan sanda ya ga tonon asiri, ba abin mamaki ba ne in ya zaɓi gidan da ake jin sautin karatun Alƙur'ani daga cikinsa. Ban ga dalilin zarginsa da rashin ƙauna ba. Ƙaunar ce ma ta sa yake biyan kuɗin wata.

Mas'alar da ta fi kowace nauyi, wadda kuma aka fi yin shiru a kanta, ita ce ta waɗanda ke riƙe da mabuɗi da dorina. Mutumin da zai zama alaramma yakan shafe shekaru yana sauka yana maimaitawa, ya rubuta Alƙur'ani da ka, gwanaye su duba masa wasali da ɗigo kafin a yarda da shi. Ɗalibin fiƙihu kuma ba ya fatawa sai ya zauna gaban malami ya karɓi izini. Amma raba jiki da ƙwaya wani fanni ne na ɗibbu wanda ba a karanta shi a allo, ba kuma wanda ya taɓa tambayar mai gidan mari a wurin wa ya ɗauko shi. Yaron da aka yanke wa kodin farat ɗaya zai yi ta zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace masa kwana da kwanaki. Wanda ya saba da roci ko baliyam kuwa, in aka tsayar masa ba a bi a hankali ba, jijjiga na iya kama shi har ta kai ga rasa rai. Wanda bai san wannan ba, in ya ga yaro na birgima yana kururuwa, taurin kai zai gani ko aljani, maganin duka biyun a wurinsa kuwa ƙarin ɗauri ne da ƙarin duka. Haka aka gwamutsa mashayi da ɓarawo da mai farfaɗiya da mai taɓin hankali da yaron da laifinsa bai wuce gudun makaranta ba, aka ɗora musu horo iri ɗaya. Da yake kuma al'adar tsangaya ce gardi ya kula da kolo, malam guda kuma ba zai iya tsaron ɗaruruwan mutane ba, sai ikon ya gangara hannun manyan almajirai da 'yan tsaron ƙofa, a bayan ƙyauren da iyaye ba sa wuce shi. Fuƙaha'u dai sun ɗora lamuni a wuyan duk wanda ya yi wa mutum magani bisa jahilci har ya cuce shi, kyakkyawar niyya ba ta sauke masa shi.

Yardar yaron ba ta shiga lissafi ba ko kaɗan. Wani da dabara ake kai shi, a ce ya rako baffa gaisuwa, wani kuma ƙarti ake ɗaukowa su ɗaure shi da asuba. Ranar fita tana hannun malam da mai biya, tubar da aka furta don a kwance ƙafa kuwa kowa ya san ƙarkonta.

A ranar 26 ga Satumba, 2019, 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da ƙananan yara, wasu daga Mali da Burkina Faso, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, wasu kuma suka ba da labarin lalata da aka yi da su. Cikin Oktoba aka buɗe wani a Daura, mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, sa'an nan Katsina da Zariya da Ilori, a Nuwamba kuma Badun, har jimillar waɗanda aka kuɓutar ta doshi 1,500. Gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje baki ɗaya. Duk da abin da idanu suka gani, an sami iyayen da suka fito suna ƙorafin an mayar musu da 'ya'yan da ba su san inda za su sa su ba, ƙorafin nan kuwa hukuma ba ta da amsarsa a lokacin. Dokar hana azabtarwa tana nan tun 2017, ba ta hana abin da ya faru a Rigasa ba. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci a kan yarda da magani da sharuɗɗan tsare shi. Horar da ma'aikatan da za su zartar da ita a ƙananan hukumomi, da samar da gadon da talaka zai iya biya, su ne aikin da har yanzu yake gaban gwamnatocin jihohi.