Shin Marubucin Kotu Yana da Rigar Kariya Irin ta Alƙali?

Jama'a, marubucin kotu da nake nufi a nan ba ɗan jarida ba ne. Ma'aikaci ne da ke zaune a gaban alƙali yana ɗaukar duk abin da aka faɗa a zaman shari'a, kalma bayan kalma. Da rubutunsa ake ɗaukaka ƙara. To in ya ɓatar da shi, ana iya maka shi a kotu?

Shi dai alƙali yana da rigar kariya: ba a neman diyya a wurinsa saboda hukuncin da ya yanke, ko da ya yi kuskure. An yi haka ne don ya yi shari'a ba tare da tsoron kowa ba.

A Amurka aka gwada batun marubucin, a shari'ar Antoine da kamfanin Byers & Anderson. A 1986 kotu ta samu Antoine da laifin fashin banki, bayan shari'ar kwana biyu. Ya ɗaukaka ƙara, amma marubuciyar ta kasa kawo cikakken rubutun, wasu takardunta ma sun ɓata. Sai a 1990 aka saurari ƙararsa. Ya nemi diyya, ƙananan kotuna suka ce ai kariyar alƙali ta rufe ta.

Ranar 7 ga Yuni 1993 Kotun Ƙoli ta rushe wannan, bakin alƙalanta ya zo ɗaya. Mai Shari'a Stevens ya bayyana dalili: alƙali yana auna hujjoji ya zaɓi matsaya, shi kuwa marubuci doka ta ce ya rubuta abin da ya ji, ba ragi ba ƙari. Saboda haka ba shi da cikakkiyar kariya. Ni da na tashi a kara, na gane bambancin: mai sasanta rigimar ciniki daban, mai rubuta rasit daban.

Wannan hukunci bai hau kan kotunan Najeriya ba, amma mu ma muna da abin riƙewa. Sashe na 36(7) na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa kotu ajiye bayanan shari'ar laifi, kuma wanda aka yi wa shari'a yana da haƙƙin karɓar kwafin hukunci cikin kwana 7.

Don haka in ɗan'uwanka na tsare a Legas ko Ibadan, kar a zauna jira. A matsa wa lauya ya nemi takardun a rubuce, a kuma adana shaidar nema. Allah Ya raba mu da tashin hankali.