Ɗigo Biyu a Bakin Yaro: Ƙungiyar Rotary da Yaƙi da Shan-inna a Ƙasar Kano

Duk wanda ya tashi a Unguwar Tudu, ko wani ƙauye a ƙasar Gwarzo da Kabo, ya san matan nan masu zagayawa gida-gida da akwatin ƙanƙara a kafaɗa. Su ɗiga wa yaro magani a baki, su shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a jikin bango, su wuce gaba. Da yawa cikinmu mun sha wannan ɗigo tun ba mu san kanmu ba. Amma kaɗan ne suka san cewa bayansa akwai wata ƙungiyar zumunci da ta yi wa yaran duniya alkawari a 1985, kuma a nan ƙasar Kano ne alkawarin ya gamu da gwaji mai tsanani.

Sunan ƙungiyar Rotary. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa ta da abokansa uku a birnin Shikago na Amurka, ranar 23 ga Fabrairu, 1905. Da farko zumunci kawai suke nema, suna karɓa-karɓar wurin taro daga ofishin wannan zuwa na wancan, daga nan ma sunan ya samo asali. A hankali zumuncin ya zama hidima ga jama'a. Ba ƙungiyar addini ba ce, ba kuma ta siyasa ba: likitoci ne da lauyoyi da 'yan kasuwa da malamai suke haɗa kuɗi da lokaci don aikin taimako. Maza zalla ne a cikinta har zuwa ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aka buɗe wa mata ƙofa. A Nijeriya kuwa, reshenta na farko a Kano aka kafa shi, a 1961, kafin na Legas da na Ibadan.

Cutar da suka sa a gaba tsohuwar abokiyar gaba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ce mata shan-inna, don sun ɗauka wata iska ce mai suna Inna take shanye ƙafar yaro. A gaskiya ƙwayar cuta ce da ke fita ta bayan gida, ta shiga ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba. Ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Yawancin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa nuna alama, amma suna yaɗa ta. Kimanin ɗaya cikin 200 ne take shanye wa gaɓa har abada. Idan ƙafa ta shanye babu maganin da zai mai da ita. Rigakafi ne kaɗai mafita.

A 1979 Rotary ta fara aikin yi wa yara miliyan 6 rigakafi a ƙasar Filifin. Da ta ga abin ya yiwu, sai a 1985 ta ƙaddamar da shirin PolioPlus don yaran duniya duka. Ta yi niyyar tara dala miliyan 120, amma zuwa 1988 mambobinta sun tara miliyan 247. A wannan shekara ce ƙasashen duniya suka yanke shawarar kawar da cutar baki ɗaya, aka haɗa hannu tsakanin Rotary da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka. A lokacin, cutar tana gurgunta yara kimanin 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. A 1996 Nelson Mandela ya ƙaddamar da gangamin korar ta daga Afirka.

A watan Yulin 2003 wani lauya mazaunin Kano, Jonathan Majiyagbe, ɗan reshen Rotary na Kano wanda ya taɓa zama mai ba diyosis ɗin Anglikan na Kano shawara kan shari'a, ya zama shugaban Rotary na duniya. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. Sai ga shi a cikin shekarar shugabancinsa, jihar da yake zaune a ciki ta dakatar da rigakafin. Jita-jita ta bazu cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Kaduna da Zamfara ma sun tsayar, amma Kano ce ta fi daɗewa, kusan shekara guda.

Kada mu yi saurin cewa jahilci ne kawai. Tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai kuma tambayar da talaka yake yi: me ya sa ake biyo shi har gida da wannan magani kyauta, alhali in zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗansa sai ya saya da kuɗinsa?

Sai dai ƙwayar cuta ba ta jiran a gama gardama. Daga arewacin Nijeriya ta sake shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indunusiya. An dawo da rigakafin a Kano a ƙarshen Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indunusiya kuma gwamnati ta gamsu da gwajinsa. Gwamna Ibrahim Shekarau da kansa ya ɗiga wa yara a Takai. Amma tsoro ya riga ya yi saiwa. A 2006 kaɗai, yara sama da 1,100 cutar ta gurgunta a Nijeriya.

A nan ne masu aikin suka koyi cewa kuɗi da magani ba sa buɗe ƙofar gida, yarda ce take buɗewa. Aka koma wajen sarakuna. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya da goyon bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin. Aka jawo limamai da fastoci. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda aka san iyayensu, don su ne ke iya shiga gidan da aka ce ba shiga. Waɗanda cutar ta gurgunta suka fito kan kekunansu suna roƙon iyaye kada su bar 'ya'yansu su zama kamarsu. Aka kuma amsa tambayar talaka ta wajen kafa sansanonin lafiya, inda ake duba yara da iyaye mata, a ba su maganin zazzaɓi da na gudawa tare da ɗigon. Mambobin Rotary suka ci gaba da tara kuɗi, suna bin gwamnoni da sarakuna da tuni, suna fita duba aiki a ranakun rigakafi. Gidauniyar Gates da ta Dangote ma suka sa hannu a Kano.

An biya farashi da rai. Ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka kai hari wuraren rigakafi biyu a birnin Kano, suka kashe mata ma'aikata 9. Duk da haka sauran suka sake ɗaukar akwatunansu. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan-inna ta gurgunta a Jihar Kano a ƙaramar hukumar Sumaila yake, a watan Yulin 2014. Cutar ta sake ɓulla a Borno a 2016, a yankunan da rikici ya hana ma'aikata shiga. Sai ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Shekara 35 ke nan daga ranar alkawari. Majiyagbe ya rayu ya ga wannan rana kafin rasuwarsa a 2023.

Amma aiki bai ƙare ba. Ainihin ƙwayar tana nan a Afganistan da Fakistan. Akwai kuma wani nau'i da ke tasowa daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin maganin ɗigo, idan ta daɗe tana yawo cikin jama'ar da yawancin yaransu ba su sami rigakafi ba. Wannan nau'i ya ci gaba da gurgunta yara a jihohin arewa maso yamma, har da Kano. Maganinsa shi ne a yi wa kowane yaro rigakafi, don inda aka rufe kowace ƙofa ba ya samun wurin zama.

'Yan'uwa, zumuntarmu ba ta da dala miliyan ɗaya, amma muna da abin da Rotary ta yi shekaru tana nema a ƙasar nan: mutanen ƙauyenmu sun san mu, sun san iyayenmu. Mu duba katin rigakafin ƙannenmu da 'ya'yan yayyenmu. Jaririn da aka haifa a gida, mu taimaka a kai shi asibiti a fara masa tun makon farko. In maƙwabci yana shakka, Kirista ne ko Musulmi, kada mu yi masa dariya. Mu saurari dalilinsa, mu raka shi wurin ma'aikacin lafiya ya yi tambayarsa. Ɗan'uwan da cutar ta riga ta taɓa kuma, mu tabbata yana da hanyar zuwa makaranta da wurin zama a cikinmu. Allah ya ba mu jimiri, ya tsare yaranmu. Amin.